Ɗan balbela ya faɗo tsakar gidana, me zan ba shi?

Maman Auta, Rafin Guza
Laraba, 8:15 na safe

Assalamu alaikum. Don Allah duk wanda ya san sha'anin tsuntsaye ya agaza mini da shawara, tun asuba hankalina yake tashe.

Ina zaune ne a Rafin Guza, nan gangaren Kawo wajen bakin kogi. Maƙwabcinmu yana da wani tsohon mangwaro da rassansa suka tsallako katanga suka rufe kusan rabin tsakar gidanmu. Damina uku ke nan balbelu na zuwa suna sheƙa a kansa. Ba 'yan kaɗan ba ne kuma, ranar nan babban ɗana ya tsaya ƙirga sheƙunan, da ya wuce 30 sai ya haƙura. Kashinsu ya mai da simintin wajen fari fat, ga ƙarni in rana ta buɗe, har igiyar shanya sai da na canja mata wuri. Duk da haka ni dai ina son su. In magariba ta doso suka dawo jere-jere daga fadama, bishiyar sai ka ce an shanya mata auduga.

Daren jiya wajen ƙarfe 2 aka yi iska mai ƙarfi kafin ruwa ya sauko, har kwanon ɗakin girkinmu sai da ya ɗaga. Da na fito alwalar asuba sai na ji wani ɗan kuka a shaƙe ta wajen rariya. Na haska fitilar waya. Ashe 'ya'yan balbela ne guda biyu suka faɗo. Ɗaya ya riga ya mutu, tururuwa har sun fara hawansa. Ɗayan ya raɓe a jikin bokitin wanki, ya jiƙe sharkaf, sai karkarwa yake yi.

Bari in kwatanta shi ko wani zai gane kwanakinsa. Jikinsa bai kai na kurciya ba, wuya da ƙafafu ne suka fi yawa. A kansa akwai farin gashi mai laushi a tsaitsaye. Fukafukan kuwa wasu tsinkaye ne kamar bututun biro, farin gashi na leƙowa ta bakinsu. Bakinsa ya yi duhu, ba rawaya ba ne irin na manyan. Cikinsa kusan fata ce zalla, da na taɓa sanyi ƙalau. Yana miƙewa tsaye na ɗan lokaci sai ya koma ya durƙusa. Ban ga jini ba, kuma duka fukafukan biyu yana motsa su.

Na goge shi da tsohon ɗankwali na sa shi a kwalin taliya. To a nan nake jin na yi kuskure. Na ga kamar yunwa yake ji, sai na buɗe bakinsa na ɗiga masa koko da ƙaramin cokali, na ƙara da 'yar madara, na jiƙa burodi na tura masa. Ba a yi minti biyar ba ya amayo duka, ya yi ta girgiza kai. Sai na tsorata na bari.

Hajiya surukata ta ce in mayar da shi gindin bishiyar, uwarsa za ta gan shi ta sauko. Na bi maganarta, na ajiye shi na koma ɗaki ina leƙe ta taga kusan rabin awa. Balbelu na ta kai da kawo a sama, ko ɗaya ba ta dubi ƙasa ba. Hankaki biyu ne suka sauka a kan katanga suna karkata kai. Da gudu na fita na ɗauke shi.

Yanzu yana nan ɗakina cikin kwali. Me zan ba shi ya ci? Ruwa fa? Ko in nemi yaro ya hau ya mayar da shi sheƙa? Ina da kaji 8 da 'yan tsaki, ga kuma kyanwa a gidan. Maigida ya yi tafiya sai Juma'a. Autana kuwa ya ƙi tafiya makaranta sai da na yi masa alkawarin zai dawo ya tarar da shi da rai.

Mai Kaji, Mando
Laraba, 8:52 na safe

Wa alaikumus salam Hajiya. Sannu da ƙoƙari, Allah Ya ba da lada.

Ki ajiye maganar abinci tukuna, ɗumi ne kan gaba. Mu da muke renon 'yan tsaki mun sani, sanyi ya fi yunwa saurin kisa, kuma tsuntsun da jikinsa ya yi sanyi ko an ba shi abinci ba zai narke ba. Ki samu robar ruwa mai murfi ki cika ta da ruwan ɗumi, irin wanda za a iya yi wa jariri wanka da shi, ki naɗe ta da tsumma ki jingina a gefe ɗaya na kwalin. Gefe ɗaya kawai, don in zafi ya ishe shi ya matsa. Ki huda kwalin ki rufe, ki sa a inda babu hayaniya. Kada ki kai masa kaskon garwashi cikin ɗaki.

Sai maganar kajinki, ita ce ma ta sa na yi saurin rubutu. Kada ki bari ya haɗu da su ko kusa, ba kwano ɗaya, ba wurin kwana ɗaya. Duk sanda kika taɓa shi ki wanke hannu da sabulu kafin ki je akurki, yaran ma haka. Wancan da ya mutu ki sa leda a hannu ki ɗauke shi, a binne da zurfi, kada kyanwa ko kaji su taɓa. Murar tsuntsaye ba labarin nesa ba ne a wurinmu. A nan jihar Kaduna, a wata gonar kaji da ke Jaji a ƙaramar hukumar Igabi, aka fara tabbatar da mugun nau'inta da ake kira H5N1 a duk nahiyar Afirka, a watan Fabrairun 2006, kuma tsuntsayen ruwa na cikin masu yawo da ita. Ba cewa nake naki na ɗauke da ita ba, iska ce ta jefo shi. Amma in kika fara ganin manyan balbelu na faɗowa matattu ba iska ba ruwa, ki sanar da ofishin likitocin dabbobi nan take.

In ya ɗumama ki dama masa abincin 'yan tsaki da ruwa ya yi taushi ki gwada. Masu sayar da abincin kaji a Kawo za su auna miki kaɗan.

Baffa Makiyayi, Rigacikun
Laraba, 9:40 na safe

'Yata, Allah Ya yi miki albarka. Jikana ne ya karanta mini, shi ke rubuta abin da nake faɗa.

Maganar ɗumi da Malam mai kaji ya yi daidai ce, amma ta abincin 'yan tsaki ban yarda da ita ba, ya yi haƙuri. Balbela ba kaza ba ce. Ni a cikin shanu na tashi, a Ladduga wajen Kachiya, tun ina ɗan shekara bakwai nake bin garke, kuma ban taɓa ganin balbela ta tsinci ƙwayar hatsi ba. Ko a masussuka ka gan ta, ƙwari take bi. Ba banza ake mata kirari da ci da motsin wani ba. Saniya na tafe tana kaɗa ciyawa, fara na tashi, ita kuma tana gefen kofato tana cafkewa. Fara, gyare, tana, ƙananan kwaɗin fadama, 'ya'yan ƙadangare, wannan shi ne tuwonta. Mutanen gari na cewa kaska take ci a jikin saniya. Takan ɗauka jefi-jefi, amma mai wannan aikin carki ne.

Hajiya surukarki ta yi magana ce irin ta wanda ya saba da kaza. Ita balbela ɗan da ya faɗo ƙasa ba ta bin sa. A sama take ciyarwa, wanda ya riƙe reshe shi ne nata. Na sha wucewa ƙarƙashin bishiyarsu da damina in ga 'ya'ya a zube, iyayen na sama ba ruwansu.

Da a ce kin san sheƙar da ya fito, da mayar da shi ya fi. Akwai hadisin da Abu Dawud ya ruwaito, sahabbai na cikin tafiya suka ɗauke 'ya'yan wata tsuntsuwa guda biyu, ta zo tana ta shawagi a kansu, sai Annabi (SAW) ya tambayi wanda ya tayar mata da hankali, ya ce a mayar mata da 'ya'yanta. To amma ke ba ɗauka kika yi ba, tsinta kika yi. Kuma kada ki sa yaro ya hau bishiyar nan, garin neman gira a rasa ido. Da zarar mutum ya hau, duk 'ya'yan da ke sama za su firgita su yi ta amai suna fita daga sheƙa, a je ceton ɗaya a zubo da goma. In kuma aka sa shi a sheƙar da ba tasu ba, masu gidan za su sassare shi su turo shi ƙasa.

Ki riƙe shi. In yara sun taso daga makaranta ki tura su fili su kamo fara.

Likitar Dabbobi, Samaru
Laraba, 11:05 na safe

Sannu Maman Auta. Ni likitar dabbobi ce a nan Zariya. Ina bayan Baffa a kan abinci, ina bayan Malam a kan ɗumi da killace shi.

Kokon da madarar ne suka fi damuna. Ki buɗe bakinsa a hankali ki duba bayan harshe, za ki ga wata 'yar kafa tana buɗewa tana rufewa. Ƙofar numfashinsa ke nan, kuma a sarari take, duk ruwan da aka ɗura masa yana iya bi ta nan ya wuce huhu. Don haka daga yau kada a sake ɗura masa komai mai ruwa, ko da ruwan sha ne. Madara kuwa cikin tsuntsu ba ya narkar da ita, zawo take sa shi. Ki kara kunnenki a jikinsa. In kin ji numfashin na ƙas-ƙas, ko yana buɗe baki yana jan iska da ƙyar, ko kumfa na fita ta hanci, ki kai shi wurin likitan dabbobi yau ɗin nan, kada ki sayo kafso a kemis ki ba shi. In numfashin shiru ne, an auna arziki. Aman da ya yi kuwa ɗabi'arsu ce in sun tsorata.

Yadda kika kwatanta shi, zai yi mako 2 ko ya ɗan gota. Balbela na kwanci kamar kwana 23, kuma ƙwan ba rana ɗaya suke ƙyanƙyashewa ba, shi ya sa a sheƙa ɗaya za ki ga babba da ƙarami, ƙaramin kuma shi ke shan wuya wajen rabon abinci. Daga mako 2 suke fara fita suna dafe rassa, lokacin ne iska ta fi samun su. Suna tashi sama wajen kwana 30, su rabu da iyaye wajen kwana 45. Aikin wata guda ke nan a gabanki, ki ɗaura ɗamara.

Abin da za ki ba shi ya zama ɗungum, da kai da ƙashi da kayan ciki. A nan ne mutane ke kuskure da kyakkyawar niyya, su yi ta yanka wa tsuntsu tsoka ko hanta. Zai ci, zai yi nauyi, amma tsoka ba ta da sinadarin kalsiyam da ƙashi ke buƙata, shi kuwa ƙafafunsa kullum ƙara tsawo suke. Ba a jima ba sai ki ga ƙafa ta lanƙwashe, ko ta karye ba wanda ya taɓa shi, kuma in abin ya kai haka da wuya ya gyaru. Tunda kina bakin kogi, ki yi magana da masunta su riƙa ware miki ƙananan kifin da ba su kai na sayarwa ba, waɗanda ba su wuce tsawon ɗan yatsa ba. Ɗanye sabon kamu nake nufi, ba banda ba, ba mai gishiri ba. In 'ya'yan tarwaɗa ne ki datse ƙayoyin gefe da ta baya. Ki tsoma kowane a ruwa kafin ki ba shi, ta kai za ki fara miƙawa, ruwan da ya biyo kifin ya ishe shi sha a yanzu. Fara ki cire mata ƙafafun baya masu kaifi, kuma a kamo ta inda ba a yi feshi ba. Ban da soyayyar farar kasuwa mai yaji, ban da kyankyason da fiya-fiya ta kashe, ban da kwaɗon gida mai kurajen baya. Ranar da kifi ya yanke dole sai nama, ki dafa ɓawon ƙwai ki shanya, ki daka ya zama gari, ki barbaɗa kaɗan a kai.

Kada ki jira ya wangale baki sama kamar 'ya'yan ƙananan tsuntsaye. A sheƙa, kama bakin uwarsa yake a gicciye ya yi ta ja har ta amayo masa. Ki riƙe kifin tsakanin yatsu biyu ki kawo masa ta gefen baki. In ya ƙi, ki buɗe bakin ki tura can gefen maƙogwaro, ki tsallake kafar nan. Ki fara da ƙanana biyu, ki jira awa ɗaya ki ga ko sun zauna. Daga nan duk bayan awa 2 zuwa 3, daga safe har magariba. Da dare a bar shi ya huta.

Ki kiyaye idonki da na yara. Dangin balbela da zalɓe ido suke kai wa sara, kuma wuyan nan da kike gani a naɗe ya fi yadda kike zato tsawo. Kada kowa ya kai fuska kusa da shi. Ƙasan kwalin ki shimfiɗa ƙirare a kan tsumma don yatsunsa su sami abin kamawa, santsi na sa ƙafafu su baje. In hantsi ya fito ki fitar da shi ya sha na ɗan lokaci, kina tsaye a kansa saboda hankaka da shirwa.

In abin ya fi ƙarfinki, akwai asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a nan Samaru.

Maman Auta, Rafin Guza
Laraba, 9:20 na dare

Alhamdu lillahi, ya ci! Allah Ya saka wa kowa da alheri. Baffa, a gaishe mini da jikan naka.

Na yi yadda Malam ya ce da robar ruwan ɗumi. Wajen ƙarfe 12 na ɗaga murfin kwalin na tarar ya kwanta lamo a jikin robar, gashin ya bushe ya tashi buzu-buzu, karkarwar ta tsaya. Na kara kunne kamar yadda Likita ta ce, ban ji wata ƙara ba sai bugun zuciyarsa da sauri-sauri. Na kuma ga kafar nan ta bayan harshe da idona. Da na tuna cokalin kokon da na ɗura daidai wajen, sai da gabana ya faɗi.

Bayan azahar na zumbula hijabi na gangara bakin kogi da kaina. Na tarar da wani dattijo yana ware kamunsa a cikin kwale-kwale, na ce Baba ƙananan nake so, waɗanda kake watsarwa. Ya tambaye ni me zan yi da su. Da na faɗa masa, sai ya cika mini gwangwanin madara ya ce ba zai karɓi ko sisi ba, in riƙa turo yaro kullum da hantsi.

Na farko ta gaba na miƙa masa, kallo kawai ya yi yana ja da baya da wannan kukan nasa. Sai na tuna maganar gicciye. Na maƙale kifin tsakanin manuniya da ta tsakiya, na kawo hannun ta gefe na shafi bakinsa. Nan take ya cafki yatsun nawa biyu a gicciye ya hau ja, da ƙarfin da ban zaci yana da shi ba, fukafukan na rawa, sai kifin ya zame ya shige. Ina kallon tudun kifin yana gangarawa ta cikin siririn wuyan har ya ɓace. Ya ɗan yi shiru ya lumshe ido, sai ya sake miƙo wuya. Biyu na ba shi na jira, ba su dawo ba. Zuwa magariba ya ci kifi 7 da fara 5 da auta da abokansa suka kamo a filin makaranta. Ya ma yi kashi, fari mai ɗan duhu a tsakiya, ya juya baya ya harba shi can gefen kwali.

Hajiya ta zo ta tsaya a kaina tana kallo, ta ce ikon Allah, ashe abin da yake nema ke nan. Ita ce ma ta kawo babban kwandonta ta ce a kife a kan kwalin a ɗora dutse saboda kyanwa. Malam mai kaji, wanda ya mutu mun binne shi, kajin na kulle su a akurki, kuma buta da sabulu na nan ƙofar ɗaki.

'Yar Kabala a Ingila
Alhamis, 1:10 na rana

Anti, sannu da hidima. Ni 'yar Kabala ce, karatu ya kawo ni Brighton, wani gari a bakin teku a kudancin Ingila. Labarinki ya tuna mini abin da ya same mu bara, sai dai namu akasin naki ne, shi ya sa na ga ya kamata in faɗa, kada wani ya karanta ya ɗauka duk ɗan tsuntsun da aka tsinta ɗauke shi ake yi.

A nan akwai wani tsuntsun teku da suke kira sigol, fari mai tokar baya, ya fi balbela jiki sosai. A kan rufin gidaje suke sheƙa, tsakanin bututun hayaƙi. 'Ya'yansu na fitowa a watannin Yuni da Yuli, masu launin toka da ɗige-ɗige, kuma tun suna ƙanana suke yawo a kan rufi, shi ya sa suke yawan faɗowa. Ɗaya ya faɗo bayan gidan da muke haya, muka shigar da shi ɗakin girki da niyyar taimako. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta ƙwanƙwasa ƙofa ta ce maza mu mayar da shi, su iyayen sigol sauka suke ƙasa su ciyar da ɗansu inda ya faɗa, su kuma yi gadinsa. Muna fitar da shi kuwa uwar ta sauko. Akwai wani jan ɗigo a ƙasan bakinta, shi ɗan ya yi ta sara har ta amayo masa abinci. Kusan mako 3 ba ma fita shanya sai da lema, don ta kai suke kawo mana sura, har ranar da ya tashi. Shawarar da ƙungiyar kula da dabbobi ta RSPCA ke bayarwa ke nan, in ba rauni gare shi ba a bar shi inda iyayen ke ganinsa. Dokar kare namun daji ta 1981 ma ta hana taɓa sheƙarsu muddin da ƙwai ko 'ya'ya a ciki. To kin ga zaman da kika yi a taga kina jira shi ne daidai. Namu iyayen sun sauko, naki ba su sauko ba.

Balbelarmu ma ta iso nan. A 2008 aka fara samun ta yi sheƙa ta ƙyanƙyashe a Ingila, a yankin Somerset. Ranar da na hango guda uku a bayan shanu ta tagar jirgin ƙasa, sai da na yi ƙwalla don kewar gida.

Maman Auta, Rafin Guza
Talata, bayan kwana 13

Na dawo da labari, da kuma sabuwar damuwa. Tsinkayen nan duk sun fashe sun zama gashi, ya yi fari tas, sai 'yar ragowar auduga a ƙeya. Likita, ƙafafu a miƙe sambal, kullum sai na duba. Kwali ya yi masa kaɗan, maigida ya kewaye masa lungun bayan ɗakin girki da ragar waya ya gitta masa reshe. Yanzu na daina ba shi a hannu, a faranti mai ɗan ruwa nake zuba kifin ya tsinta da kansa. Shekaranjiya bayan ruwa shinge ya cika gindin ƙwan fitila, yara suka tara masa cikin kwano, da safe ya cinye tas. Jiya kuma auta ya sakar masa fara mai rai. Ya tsaya cak, ya miƙa wuya yana kaɗa shi hagu da dama a hankali, kan bai motsa ba, sai cak ya ɗauke ta. Ba wanda ya koya masa.

Damuwar ita ce ya saba da auta fiye da kima. Da ya ji muryarsa sai ya taso yana karkaɗa fukafukai, in an buɗe masa bin sa yake har ƙofar zaure. Bishiyar da 'yan'uwansa suke ko kallonta ba ya yi. Yaran layinmu kuwa kowa da danƙonsa a wuya, tsuntsun da ba ya gudun mutum kwana nawa zai yi? Ga shi maƙwabcin namu ya ce warin ya ishe shi, zai kira masu sara su sare mangwaron.

Baffa Makiyayi, Rigacikun
Talata, 5:30 na yamma

'Yata, ki janye yaron daga jikinsa, ko zai yi kuka. Mutum ɗaya ya riƙa kai abinci, ya ajiye ya juya, ba magana ba shafa. Ki mayar da ragar ƙarƙashin bishiyar inda zai wuni yana jin kukan danginsa. In kin ga 'ya'yan da ke sama sun fara tashi daga reshe zuwa katanga, ki buɗe saman ragar da sassafe ki koma ɗaki. Kada a cilla shi sama, kada a kai shi wani daji mai nisa. Farantin kuma a bar shi a wurin, zai riƙa dawowa har ya iya bin sawu. Maƙwabcinki kuwa maigida ya je ya same shi da girmamawa, ya roƙe shi ya jira ƙarshen damina. In 'ya'yan sun tashi su da kansu za su watse, sannan ya rage rassan yadda yake so.

Maman Auta, Rafin Guza
Asabar, bayan kwana 31

Baffa, mun bi maganarka. Auta ya yi kuka kwana biyu, sai na ba shi aikin karɓo kifi daga bakin kogi, ni kuma nake ajiyewa. A kwana na 19 muka buɗe ragar. Ya wuni a kan katanga yana ɗaga kai, da yamma ya yi tsalle ya kama reshen da ya fi kusa. Wata babba ta kai masa sara ya matsa gefe, amma bai sauko ba. A can ya kwana.

Mako guda cur kullum da hantsi sai ya sauko ya share farantin ya koma. Daga nan ya fara tsallake rana. Yanzu a bishiyar masu baƙin baki irin nasa sun yi yawa, ba na iya ware shi sai in ya sauka, don shi kaɗai ne ke taka tsakar gida. Yau kwana uku ke nan bai taɓa farantin ba. Auta ya ce ya ga masu baƙin baki huɗu a bayan shanun da ake kiwo a fadama, ya kira, ba wanda ya waiwayo.

Maƙwabcin ya amince ya jira, Allah Ya saka masa, maigida kuma ya ɗauki nauyin sa yara su riƙa wanke masa simintin duk Asabar. Har yanzu akwai sheƙuna masu ƙananan 'ya'ya a can ƙololuwa. Daren jiya an sake iska, da asuba na zagaya da fitilar waya tun daga rariya har bayan akurki, ban ga komai ba. Kwalin da robar na ɗaga su a kan sif, dattijon nan na bakin kogi kuma na ce masa zan sake aiko yaro in buƙata ta taso.